Oldsmobile Mai Silinda Ɗaya da Maƙeran Detroit

A farkon Nuwamba 1901 wani saurayi ɗan shekara 21 ya tsayar da mota a ƙofar otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York, shi da motar duk sun yi kaca-kaca da laka. Mai tsaron ƙofa ya dube shi sama da ƙasa ya hana shi shiga, sai ta ƙofar ma'aikata ya zagaya ya iske maigidansa a ciki. Saurayin shi ne Roy Chapin, maigidan kuwa Ransom Olds. Daga Detroit ya taso, ya ratsa kudancin Kanada, ya sake faɗowa Amurka, ya ci kilomita kusan 1,300 cikin kwana bakwai da rabi. Inda taɓo ya hana shi hanya, sai ya hau gaɓar mashigin ruwa na Erie, wata siririyar hanya da alfadarai ke bi suna jan jiragen kaya, masu alfadaran suna yi masa ruwan ashar. Taya ta sace ya hura, ƙarfe ya lanƙwashe ya nemi inda za a miƙar, haka dai har ya iso.

Olds ne ya shirya tafiyar, don ana baje kolin motoci a Madison Square Garden, kuma yana neman hujjar da za ta rufe bakin masu cewa 'yar motarsa abin wasa ce. Hujjar ta yi aiki. Kafin a watse, wani dillalin New York ya yi odar mota 1,000, adadin da a lokacin ya yi kama da zancen mahaukaci.

Dalili kuwa shi ne a 1900 dukan motocin da aka ƙera a Amurka 4,192 ne kacal, kuma masu amfani da fetur su ne 'yan tsiraru: 1,681 na tururi ne, 1,575 na lantarki, 936 kawai na fetur. Ta tururi sai an hura mata wuta an jira ruwa ya tafasa, ga shan ruwa kamar me. Ta lantarki tana da tsabta, ba ta da ƙara, amma da ta bar gari ba inda za a yi mata caji. Hanyoyin ma ba a magana. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 1904 ta nuna kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai na hanyoyin karkara aka taɓa zuba wa tsakuwa ko wani abin kirki. Sauran ƙura ce da rani, laka da damina, ƙanƙara da hunturu.

Don waɗannan hanyoyi aka yi motar da Chapin ya tuƙo, Oldsmobile ɗin da ake kira Curved Dash. Kujera ɗaya ce mai cin mutum biyu, ba rufi, ba ƙofa, ba gilashi. A gaba akwai allon katako da aka lanƙwasa ya naɗo ciki, gadon keken doki ne, inda aikinsa shi ne tare lakar da kofato ke watsowa. Bodin katako ne. Sitiyari babu, sai wata sanda mai lanƙwasa da ta taso daga tsakiyar gaba ta zo hannun direba, ya tura ta gefe motar ta karkata. Nauyinta bai kai kilo 400 ba, gudunta bai wuce kilomita 32 a awa ba, kuɗinta dala 650. Ba kuɗin talaka ba ne, don ma'aikacin masana'anta bai cika haɗa hakan a shekara ba. Amma likitan ƙauye da ɗan kasuwa mai yawon talla suna iya saye, su ne kuma suka fi saye.

Injin yana ƙarƙashin kujera, a kwance, kansa na kallon baya. Silinda ɗaya tak gare shi, sai dai ƙatuwa ce, tana cin sama da lita ɗaya da rabi, wato abin da ƙananan motocin yau ke raba wa silinda huɗu. Da duk wannan girma ƙarfin doki huɗu da rabi yake bayarwa, yana juyi kimanin 500 a minti. Inji mai silinda ɗaya irin wannan sau ɗaya yake bugawa a kowane juyi biyu, saboda haka dole a samu abin da zai riƙe tafiyar tsakanin bugu da bugu. Shi ya sa aka ɗaura masa wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi, wanda in ya ɗauki juyi ba ya saurin tsayawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon injin niƙa ya san irin wannan tuf, tuf, tuf ɗin, bugu ɗaya-ɗaya da za a iya ƙirgawa. Amurkawa har barkwanci suke yi cewa sau ɗaya yake bugawa tsakanin falwayar waya da ta gabanta. Rashin saurin nan riba ce. Injin da ba ya gudu ba ya saurin cin kansa, kuma ba ya neman mai na musamman ko makaniki na musamman. Ruwa ne ke sanyaya shi, lagireton kuwa 'yan bututu ne aka shimfiɗa ƙarƙashin inda ake ɗora ƙafa.

Tayar da ita ma da dabara. Hannun juya injin ba a gaban mota yake ba, a gefen kujera yake ta dama, an haɗa shi da injin ta wata 'yar sarƙa. Direba yana zaune zai buɗe mai, ya kunna wutar batir, ya jinkirta tartsatsin fulogi, ya danna wata feda da dunduniya don sassauta matsin da ke cikin silinda, sannan ya kama hannun ya yi ta juyawa. In faifan ya ɗauki gudu sai ya ɗaga dunduniya, injin ya kama. Masu motocin da ake tayarwa ta gaba sun sha karaya a hannu in inji ya yi tutsu ya juyo baya, wasu ma motar ce ke bi ta kansu in an manta ta a giya. Mai Oldsmobile aƙalla yana cikin motarsa, ba a gabanta ba.

Giyarta biyu ce ta gaba, ɗaya ta baya. A yawancin motocin Turai na lokacin, canza giya yana nufin a zura haƙoran wani ƙarfe mai juyawa cikin haƙoran wani, in hannu bai ƙware ba sai a ji ƙarar da ke tsinka zuciya, wani lokaci haƙori ya ɓalle. Olds ya bi wata hanya. Giya ɗaya ce a tsakiya, ƙanana suna kewaya ta, haƙoransu kullum a sarƙe suke da juna, ba sa rabuwa balle a sake haɗa su. Abin da direba ke yi da sandar da ke gefensa shi ne matse wani ɗamara a jikin ganga don a tsayar da sashe ɗaya, sauran su ci gaba da juyi a hankali, ko su juya da baya. In ana son giya ta sama sai a kulle su duka su juya tare. Manomin da bai taɓa riƙe komai ba sai linzami yana iya koyon wannan da hantsi ɗaya. Daga nan sarƙa guda ce ke kai ƙarfin zuwa tayoyin baya. Irin wannan tsari Henry Ford ya sa a Model T a 1908, kuma shi ne ƙashin bayan giyar nan mai canza kanta, Hydra-Matic, wadda ta fara fitowa a motocin Oldsmobile na 1940.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba shi ne ƙarƙashin motar. A kowane gefe akwai dogon sifirin guda, faffaɗan ƙarafa da aka jera bisa juna, wanda ya taso tun daga aksul na gaba har na baya. Ƙarshensa ɗaya ya riƙe tayar gaba, ɗayan ya riƙe ta baya, a tsakiyarsa kuma aka ɗaure ɗan firam ɗin da inji da bodi ke zaune a kai. Wato ƙarfe ɗaya yana aiki uku: shi ne sifirin gaba, shi ne na baya, shi ne kuma ƙashin da ya haɗa motar. An rage nauyi, an rage kuɗi, an rage abin da zai lalace. In taya ɗaya ta faɗa rami, motar takan murɗe ta bi ramin ta fito maimakon ta tsage. Aibinsa shi ne takan yi ta rausaya gaba da baya, musamman in an tashi ko an taka birki. Amma in sifirin ya karye a daji, kowane maƙerin ƙauye ya san shi, don masu keken doki sun daɗe suna amfani da irinsa, kuma a lokacin babu ƙauyen Amurka da ba shi da maƙera.

Gaskiyar magana, in ana batun sabuwar fasaha zalla, Curved Dash a baya take. Kamfanin Panhard na Faransa ya mayar da inji gaba tun 1891, kafin ƙarnin ya ƙare kuma ya koma sitiyari mai zagaye. Injinan De Dion-Bouton ƙanana ne, suna ninka na Olds gudu sau uku ko fiye. Ko yin ƙaramar mota da yawa iri ɗaya, Benz ya riga shi a Jamus da Velo tun 1894. Gwanintar Olds tana wajen sanin abin da zai bari. Ya zaɓi abin da ya riga ya tabbata, ya sa kowane ƙarfe ya yi aiki fiye da ɗaya, ya tsaya kan samfuri guda.

Kafin ya kai ga wannan hankali ya sha yawo. An haife shi a 1864 a Geneva ta jihar Ohio, ya tashi a shagon mahaifinsa a Lansing ta jihar Michigan, inda suke ƙera ƙananan injina. Ya fara da motar tururi mai ƙafa uku a 1887, ya yi ta fetur a 1896, ya kafa kamfanin mota a 1897. Kuɗi ne suka gagara, sai wani attajirin tagulla da katako, Samuel Smith, ya zuba kusan dukan jarin, aka kafa Olds Motor Works a 1899, aka gina masana'anta a titin Jefferson na Detroit. Shekara biyu aka yi ana lalube. An gwada manyan motoci masu tsada, an gwada na lantarki, samfura sun kai 11, ciniki kuwa shiru.

Ranar 9 ga Maris 1901 gobara ta tashi ta cinye masana'antar. Wani matashi mai rubuta lokacin ma'aikata, James Brady, ya turo ƙaramar motar waje, ita kaɗai ta tsira. Daga nan aka samu labarin da ake ta maimaitawa har yau, wai wuta ce ta yi wa Olds zaɓi, da ba don ita ba da bai san alherin da ke hannunsa ba. Labari ne mai daɗi, kamfanin ma ya ji daɗin yaɗa shi. Sai dai masanin tarihi George May, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Olds a 1977, ya nuna an riga an yanke shawara kafin gobarar. An fara tallar motar, har odar sama da 300 ta shigo. Abin da wutar ta canza wani abu ne dabam, kuma ya fi wancan nauyi. Ga oda a hannu, ga masu saye suna jira, ga ba inda za a ƙera kayan. Dole Olds ya fita cikin gari ya raba aikin ga masu shagunan ƙarfe.

Detroit kuwa tana da su. Gari ne na masu yin murhun ƙarfe, da taragon jirgin ƙasa, da injin jirgin ruwa, da kayan keke. Aka ba shagon Leland & Faulconer kwangilar inji 2,000. Wasu 'yan'uwa biyu, John da Horace Dodge, suka yi injina, daga baya suka karɓi aikin giya 3,000. Benjamin Briscoe, mai aikin kwano da gwangwani, ya ɗauki lagireto da tankuna. Kamfanin C. R. Wilson, masu keken doki, suka yi bodi.

Raba aiki haka yana da sharaɗi. Giyar da aka yi a wannan unguwa dole ta zauna daram a jikin injin da aka yi a waccan, ba tare da an ɗauko zarto an goge ba. A nan Henry Leland ya shigo da abin da ya fi kowa sani. Dattijo ne da ya haura shekara 55, ya koyi aiki a masana'antun bindiga na Springfield da Colt, sannan a Brown & Sharpe masu ƙera kayan awo, inda ake auna ƙarfe da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Zane ɗaya aka ba shi da su Dodge, amma injinsa ya fi nasu ƙarfi, ba don ya canza komai ba, sai don fistin ɗinsa ya fi zama daidai a cikin silinda. Da ya ga haka sai ya sa mutanensa suka faɗaɗa bawul suka gyara lokacin buɗewarsu, injin ya haura ƙarfin doki 10. Ya kai wa kamfanin Olds, aka ce masa a'a, wai canjin zai ci kuɗi ya kuma tsayar da aiki alhali mota na tafiya a kasuwa. Ta fuskar lissafin wannan shekarar ba su yi kuskure ba. Amma a Agusta 1902 masu jarin wani kamfani da Henry Ford ya fice ya bari suka kira Leland ya yi wa kayan kuɗi don su sayar su huta. Ya zo musu da injin da aka ƙi, ya ce kada su rufe. Kamfanin da ya fito daga wannan zama shi ne Cadillac. A 1908, a filin tsere na Brooklands a Ingila, aka wargaza Cadillac uku, aka cakuɗa kayansu, aka sake haɗa su, kowace ta yi tafiyar mil 500 lafiya lau.

Sauran ma ba su zauna ba. 'Yan Dodge sun bar Olds a 1903 suka koma yi wa Ford inji da giya, suka karɓi kashi 10 cikin 100 na kamfaninsa, a 1914 suka fito da motar da ke ɗauke da sunansu. Briscoe ya haɗa kai da Jonathan Maxwell, tsohon injiniyan Olds, suka kafa Maxwell-Briscoe, wanda zuriyarsa ce ta zama Chrysler a 1925. Fred Fisher, da ya yi aiki a shagon Wilson, shi da ɗan'uwansa suka kafa Fisher Body a 1908. Chapin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Hudson a 1909. Masu tambayar abin da ya sa Detroit ta zama garin mota, ba Cleveland ko Hartford da su ma suke da masana'antu ba, wani babban yanki na amsar yana cikin takardun kwangilar 1901.

A ɓangaren haɗawa, Olds ya ɗora motocin bisa wasu katakai masu ƙananan tayoyi, ana tura su daga rukunin ma'aikata zuwa na gaba, kowane rukuni da abin da yake ɗaurawa, kayansa a ajiye kusa da hannunsa. Ba layi mai tafiya da kansa ba ne, wannan sai 1913 Ford ya kafa shi a Highland Park. Amma ya isa ya canza lissafi. An yi mota 425 a 1901, kusan 2,500 a 1902, kimanin 4,000 a 1903, sama da 5,000 a 1904. Mutanen Lansing, da suka ga dama ta samu bayan gobara, suka ba kamfanin tsohon filin baje kolin jiha mai eka 52, aikin ya koma can sannu a hankali.

Talla kuwa ba a bar ta a baya ba. A 1903 Lester Whitman da Eugene Hammond suka tuƙa Curved Dash daga San Francisco zuwa New York cikin wata biyu da 'yan kwanaki. A 1905 aka yi tseren guda biyu, Old Scout da Old Steady, daga New York zuwa Portland ta jihar Oregon, Dwight Huss ya kai Old Scout cikin kwana 44. A shekarar ce kuma waƙar “In My Merry Oldsmobile” ta fito ta cika gari.

Sai dai lokacin da ake wannan waƙa mai motar ba ya gidan. Frederic Smith, ɗan mai jarin, shi ke riƙe da kuɗin kamfani, kuma yana ganin ribar gaske tana wajen manyan motocin masu hannu da shuni. Olds yana ganin kamfanin nasa ne, tunda sunansa ne a jiki, alhali hannun jarin na su Smith ne. Rigima ta yi tsami har Olds ya fice a farkon 1904. Da ya so kafa sabon kamfani da sunansa aka yi masa barazanar kotu, sai ya ɗauki haruffan farko na sunayensa ya kira shi REO. Cikin 'yan shekaru REO ya wuce tsohon gidan a ciniki. Frederic Smith ma yana da tasa gaskiyar, don silinda ɗaya da sandar tuƙi sun fara zama tsohon yayi, an ƙara wa injin ƙarfi zuwa doki 7 a 1904 amma bai isa ba. Kuskurensa shi ne barin kasuwar masu ƙaramin ƙarfi gaba ɗaya. A 1906 Ford ya shigo ta da Model N mai silinda huɗu, a farashin da bai kai na Curved Dash ba. Aka daina yin Curved Dash a 1907 bayan an ƙera kimanin 19,000, cinikin kamfanin ya zube, a ƙarshen 1908 William Durant ya saye shi ya zuba cikin General Motors. Sunan Oldsmobile ya ci gaba a can har 29 ga Afrilu 2004, ranar da motar Alero ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Lansing.

Da yawa daga cikin ƙananan motocin suna nan da rai a hannun masu tara tsofaffin motoci, don abin da zai lalace a jikinsu kaɗan ne, kuma mai injin dira yana iya sassaƙa musu kayan gyara. Kowace Nuwamba akan ga jerinsu a tafiyar tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton, mai nisan kilomita kusan 96. Dokar tafiyar ita ce sai motar da aka ƙera kafin 1905, saboda haka Curved Dash ta shekarun 1905 zuwa 1907 ba ta da wurin shiga, ko da kuwa ba a iya bambanta ta da ta 1904 da ido.